Ƙanƙarar Kankana ta Kawu Na-Sani

Duk faɗin layin babu wanda ya taɓa ƙarasa wa Kawu magana. Kana farawa, kafin ka kai tsakiya ya ɗaga hannu ya ce, “Na sani.” Da haka sunan ya bi shi, har yaran da aka haifa daga baya suka ɗauka da shi aka raɗa masa. Yana zaune ne a ɗakin ƙofar gida wajen yayarsa, kuma babu abin da ke cikin gidan nan da bai taɓa gyarawa ba. Fankar falo da ya gyara, yanzu zuƙe iska take yi. Famfon tsakar gida kuwa tun da ya sa masa hannu, sai an rufe shi yake zuba.

Mutum ɗaya tak ta rage da take yarda da maganarsa, wato Auta, 'yar yayar tasa mai shekara biyar. Ya ce mata shi ya koya wa matuƙan jirgin sama yin ribas, ta yarda. Ya ce mata ya taɓa yi wa zaki aski, ta tambaye shi ko zakin ya yi kuka. Kawu kuwa, duk da cika bakinsa, ya san ita kaɗai gare shi, kuma babu abin da yake tsoro kamar ranar da ita ma za ta yi masa irin kallon da manya ke yi masa.

Ana tsakiyar zafin bazara, irin wanda ko ƙadangare ba ya tsallaka titi da rana, aka kai Auta wurin likitan haƙori. Likita ya leƙa bakinta ya girgiza kai, ya hana ta shan ƙanƙarar nan mai kala da ake tallarta a keke, wadda babu komai a cikinta sai sukari da rini. Shi kuwa mai keken bai san an yi ba. Kullum da yamma sai ya tsaya daidai ƙofar gidan ya matsa hon, yaran layi su yanyame shi, Auta ta kama ƙyaure ta yi ta kuka.

A rana ta uku Kawu ya fito ya same ta a haka.

“Share hawayenki,” in ji shi. “Wannan ai ba ƙanƙara ba ce, fenti ne. Gobe war haka zan yi miki ta gaske. Kankana zalla, da ayaba, da ɗan yogot. Ba sukari, ba rini. Likitan da kansa in ya sha sai ya nemi ƙari.”

“Kawu, ka iya?”

“Ni? Shekara bakwai na yi a kamfanin ƙanƙara. Har yau in injinsu ya tsaya ni suke nema.”

Yaya tana tsakar gida tana yankan albasa. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, “Kwana uku ka yi, kuma gadi ne.”

“Mai gadi ai shi yake ganin komai.”

“To ji, abin ba shi da wuya. Ka cire 'ya'yan kankanar, ka markaɗa, ka zuba a ƙananan kofuna, ka tsoma wa kowane kofi cokali, ka sa a firiza tun yau ta kwana. Gobe sai...”

“Na sani. Wannan aikin ragwaye ne. Ni ba na ba yaro abin da ya kwana. Tawa ranar za a yi ta, ranar za a sha ta.”

Auta ba ta tsaya jin sauran ba. Ta bi layin gida-gida tana shelar cewa gobe Kawunta zai yi ƙanƙarar kankana. Da ta gaji sai harshenta ya fara harɗewa, a wasu gidajen kankanar ƙanƙara ta ce musu, amma kowa ya gane akwai sha. Kawu shi ma bai zauna ba. Ya gayyaci Tela, wanda shagonsa ke manne da katangar gidan, ya tsallaka titi ya gayyaci Malamar asibiti, ya ce ta zo da littafi ta rubuta yadda ake ciyar da yara.

Washegari duk safiyar a shagon Tela ya ƙarar da ita yana bayanin yadda ƙanƙara take daskarewa. Sai da rana ta take sannan ya shiga ɗakin girki, ya ɗaura tawul a ka, ya kori Yaya waje. Ya ce sirrin kamfani ne, ba a yi gaban kowa. Auta kaɗai ya bari ta tsaya a bakin ƙofa.

Ya fasa wata ƙatuwar kankana, ya cika ɗan injin markaɗen Yaya taf har baki. Yaya ta leƙo ta taga.

“Murfin fa?”

“Na sani. Murfi yana hana iska shiga, iskar kuwa ita ke kawo laushi.”

Ya danna maɓalli.

Kafin ya lalubo inda ake kashewa, silin ya zama ja, bango ya zama ja, farar rigarsa ba a magana. Wani ɗan kankana ya shige masa hanci sai da ya fyace shi. Auta ta yi tsalle tana tafi, don ita a ganinta aiki ne ya kankama.

“Kawu, haka ake yi a kamfani?”

“Haka ake gwada inji,” in ji shi yana share ido.

Ruwan kankanar da ke gangarowa a bango ya sami hanyarsa har cikin soket. Aka ji tas, wani ɗan hayaƙi ya tashi, firji ya yi ajiyar zuciya ya yi shiru. Kawu ya ce wannan ƙaramin abu ne. Ya ɗauki filaya ya nufi akwatin wuta da ke jikin katanga, wanda gidan da shagon Tela suka yi tarayya a kansa. Bai daɗe a wurin ba aka sake jin tas, wannan karon mai ƙarfi, keken ɗinkin Tela ya tsaya cak a tsakiyar kalmasa.

Tela ya fito da tef rataye a wuya.

“Kawu, me ka taɓa?”

“Ban taɓa komai ba, dubawa kawai nake yi.”

“To dubawar taka ta kashe min keke. Don Allah kar ka dubi shagona.”

Aka kira mai gyaran wuta, ya ce ba zai samu zuwa ba sai gobe. Yaya ta buɗe firizar, ta rufe, ta dubi ƙanenta.

“To, kamfani ya rufe ke nan?”

Kawu ya so ya ce a ɗaga sai jibi. Har ya buɗe baki, sai ya ga Auta ta zuba masa ido, ta rungume ƙananan kofunan da ta wanke da kanta tun da safe.

“Firiza ai ta 'yan koyo ce,” in ji shi. “Mu da hannu muke daskarar da abu. Ku jira ni.”

A bakin kasuwa akwai wani dattijo mai sayar da ƙanƙarar bulo, wanda ya kai shekara talatin yana wannan sana'a. Kawu ya same shi a rumfarsa, ya zaɓi bulo mafi girma, sannan ya yi kamar hira ce ta kawo maganar, ya ce shi tsohon ma'aikacin kamfanin ƙanƙara ne, yana so ya gwada ko dattijon ya san yadda ake daskarar da abu ba wuta.

“Ai da sauƙi,” in ji dattijon. “Ka sami babban baho. Ka zuba haɗin naka a roba mai murfi, ka ajiye ta a tsakiya. Ka farfasa ƙanƙara ka kewaye ta, sannan ka zuba mata gishiri, kar ka yi rowa. Gishirin nan shi ne sirrin, shi ke sa...”

“Na sani.”

“Sai ka yi ta jijjigawa. Amma fa ka kula, kar ka bari ko ƙwaya ɗaya ta...”

“Na sani, Baba, na sani. Gwada ka nake yi, kuma ka ci.”

“To bari in naɗe maka ita a buhu da dusar katako, rana ta yi zafi.”

“Bar shi. Ni ƙanƙara ba ta narkewa a hannuna, mun saba.”

Ya ɗora ta a ka tsirara ya kamo hanya. Tafiyar ba ta da nisa, amma Kawu ya tsaya wuri uku yana yi wa mutane bayanin inda za shi da ita. Ruwa ya bi ta ƙeyarsa ya gangara har cikin takalmi. Da ya iso layin, bulon da ya baro kasuwa kamar akwati ya koma kamar burodi. Tela yana zaune a ƙofar shago yana fifita da kwali, don ba aikin yi.

“Kawu, an yi ruwa ne a kasuwa?”

“Wanke ta nake yi a hanya. Ƙanƙarar yara sai da tsafta.”

Ya ɗauke kayan aikinsa ya shige ɗakinsa na ƙofar gida, ya saki labule. Ragowar kankanar ya dame ta da ludayi tare da ayaba da yogot, kuma a yi masa adalci, 'ya'yan ya tsince su tas, don Auta ba ta son su. Haɗin ya yi kyau, ya yi ƙamshi. Da a nan ya tsaya ya raba wa yara da cokali, da har yau ana yabonsa.

Ya sa robar a tsakiyar baho, ya kewaye ta da ƙanƙara, ya tuno maganar dattijo: ka zuba mata gishiri. Ya dubi ƙanƙara, ya dubi roba. Ƙanƙara dai ta riga ta daskare, me za ta yi da sirrin daskarewa? Wadda ke buƙata ai ita ce robar. Ya buɗe murfi ya zuba cikin tafi guda, ya juya, ya rufe, ya kama jijjiga. Zancen ɗanɗano bai dame shi ba, don ya riga ya yanke hukunci cewa sanyi zai cinye gishirin.

Ya jijjiga har kafaɗarsa ta yi tsami. Ya buɗe, ruwa tsululu.

“Na yi rowa,” in ji shi, ya juye sauran gishirin Yaya gaba ɗaya.

Ya sake jijjigawa, ya sake buɗewa. In ma akwai canji, ƙara tsinkewa ta yi. Ya leƙa ta saman katanga ya kira Tela, ya ce a aiko masa da gishirin gidansu. Aka aiko. Ba a jima ba ya sake leƙowa yana tambayar ko akwai saura.

“Kawu, fata kake jema a ciki ne?” in ji Tela.

“Kai dai ka san allura. Bar wa masu ilimi kimiyya.”

Ya tsallaka gidan Malamar asibiti ya karɓo nasu, ya ce wa mutanen gidan na wanke baho ne. Sau ɗaya ya kai ludayi bakinsa zai ɗanɗana, sai ya hango idon Yaya ta gefen labule. Shi kuwa ɗazu ya gaya mata ƙwararre da ido yake ɗanɗano. Ya mayar da ludayin, ya ɗaga shi sama yana duban haɗin kamar mai duba zinariya, ya gyaɗa kai.

La'asar ta yi. Yara goma sha ɗaya suka jeru a kan tabarma a inuwar ƙofar gida, Auta ta sha biyu, ita ce a gaba tana tsara su. Iyaye mata suka tsaya a baya da goyo, Malamar asibiti ta zo ko kayan aiki ba ta cire ba. Mai keke ma ya iso ya matsa hon sau biyu, ko yaro ɗaya bai waiwaye shi ba, sai ya jingine keken ya tsaya ya ga wanda ya ƙwace masa kasuwa.

A ɗaki kuwa ƙanƙarar baho ta narke saura 'yan ƙwayoyi suna iyo. Kawu ya buɗe roba karo na ƙarshe, ya tsoma cokali ya saki, cokalin ya kwanta. Daga waje ya ji muryar Auta tana cewa, “Ku yi shiru, Kawuna ya kusa.” Ya share gumi, ya gyara tawul ɗin kansa, ya cika kofuna goma sha biyu, ya jera a faranti ya fito yana taku ɗai-ɗai.

Yaya ta leƙa farantin.

“Ina ƙanƙarar?”

“Ga ta. Sabon salo ne, ta sha. Mai tauri tana fasa haƙorin yara, ko ba haka ba, Malama?”

Malamar asibiti ta ce ita dai ba ta taɓa jin haka ba.

“Bai iso littafinku ba tukuna,” in ji Kawu.

Ya raba kofuna, ya ce kar kowa ya sha sai ya ƙirga uku, don kar wani ya riga wani jin daɗi. Ya ƙirga. Kofuna goma sha biyu suka tashi tare.

Sai wani ɗan lukuti da ke tsakiya ya fesar da nasa a ƙeyar na gabansa, daga nan kuma tabarma ta rikice. Wannan na tofarwa, wancan na goge harshe da riga, wata 'yar ƙarama ta buɗe baki ta ƙi rufewa, hawaye kawai ke zuba. Iyaye suka yo kansu, ana ta kiran a kawo ruwa. Yaya ta ruga famfo ta buɗe, bai kawo ba, ta tuna, ta rufe shi sannan ya zuba.

Tela ya tsoma yatsa a kofin ɗansa ya lasa. Idonsa ɗaya ya rufe da kansa.

“Kawu,” in ji shi da ya samu numfashi, “mun daɗe da sanin kana ƙara gishiri a magana, mun haƙura. Yanzu kuma har a kofi?”

Ana cikin haka sai ga dattijo mai ƙanƙara ya turo baro, zai kai wa wani mai shago kaya a ƙarshen layi. Ya ga taro ya tsaya, ya gane mutumin ɗazu.

“A'a, ɗan kamfani! Ta daskare?”

“Baba, kai ka cuce ni,” in ji Kawu, don ya ga inda zai sauke kaya. “Kai ka ce in zuba mata gishiri, kar in yi rowa.”

“Ƙwarai na ce. Ka zuba mata?”

“Na gida uku!”

Dattijon ya leƙa bahon da aka jawo waje, ya tsoma yatsa a ruwan ya lasa, ya ji salam, ba alamar gishiri. Ya leƙa robar, ya ga gishiri kwance a ƙasanta kamar yashi. Ya saki baro ya riƙe ƙugu.

“Wace ‘mata’ ka zuba wa?”

“Robar mana.”

“Ƙanƙarar nake nufi, bawan Allah! A waje ake zubawa, kan ƙanƙara, don ta ƙara sanyi. In ya shiga ciki ai shi ke hana abu daskarewa. Abin da nake shirin gaya maka ke nan ka ce ka sani.”

“To ai laifinka ne. Roba mace, ƙanƙara mace, ka ce ‘mata’ ka yi shiru. Ni boka ne?”

“Ban yi shiru ba, kai ka rufe min baki.”

Dariya ta ɓarke. Matan da ɗazu ke faɗa suka koma riƙe ciki, mai keke ya yi ta matsa hon don murna. Kawu ya ga abin zai fi ƙarfinsa, sai ya ɗaga hannu.

“Ku tsaya! Da gangan na yi. Wa bai san ana ba yara ruwan gishiri lokacin zafi ba? Malama, faɗa musu.”

“Ɗan kaɗan ake sawa a kwalba guda, kuma da awo,” in ji Malamar asibiti. “Wannan naka ko kifin teku aka jefa ciki sai ya nemi ruwan sha.”

“Bakinku ne ya saba da sukari. Ni kofi uku na sha a ɗaki, daɗi har kunne.”

Wannan ya ƙara tunzura dariyar. Duk wurin mutum ɗaya ce ba ta dariya. Auta tana zaune inda take, kofinta a hannu, an sha kurɓi ɗaya. Ita ba ta tofar ba, haɗiyewa ta yi, idanunta sun kawo ruwa. Ta dubi masu dariya, ta dubi Kawunta, kuma a fuskarta ya hango farkon kallon nan da yake tsoro.

Ta taso ta zo gabansa.

“Kawu, da gaske kana so?”

Ya dubi Yaya, ta kau da kai. Ya dubi Tela, Tela ya gyara tsayuwa don ya gani da kyau.

“Ƙwarai kuwa,” in ji Kawu, muryarsa ta ɗan sirance.

“To sha nawa. Na ba ka.”

Ya karɓa. Kofin ɗan ƙarami ne, amma bai taɓa ganin kofi mai zurfinsa ba. Ya rufe ido ya ɗaga kai ya juye. Kunnuwansa suka motsa, jijiyar wuyansa ta miƙe, ƙafarsa ta dama ta buga ƙasa sau biyu ba da izininsa ba. Hawaye suka gangaro masa, ya bar su. Ya haɗiye, ya buɗe ido, ya tattaro duk abin da ya rage masa na ƙarfi ya yi murmushi.

“Kai,” in ji shi da wata murya kamar ta tsohon ƙyaure. “Daɗi.”

Fuskar Auta ta washe. Ta juya wajen sauran yaran ta ɗaga haɓa.

“Kun gani? Na ce muku Kawuna ba ya ƙarya.” Ta kama hannunsa ta riƙe gam. “Kowa ya kawo masa nasa, yana so.”

Yara goma sha ɗaya suka miƙe da kofunansu. Kawu ya waiwayi yayarsa da jajayen idanu, yana neman ceto. Yaya ta dube shi, ta dubi 'yarta da ke riƙe da hannunsa, ta goge hannu a zani ta matso gaba.

“Ku bi layi,” in ji ta. “Kar ku ture shi, kowa zai samu ya ba shi.”